Kwana uku na farko a cutar zosta

Duk wanda ya taɓa yin ƙarambau, ko da tun yana ɗan shekara biyar ne, yana ɗauke da ƙwayar cutar a jikinsa har yau. Ƙurajen sun bushe, tabon ya ɓace, amma bairos ɗin bai fita ba. Ya koma ne ya laɓe a cikin jijiyoyin da ke gefen laka, garkuwar jiki tana danne shi shekara da shekaru. Ranar da garkuwar ta yi rauni, saboda tsufa ko wata jinya ko wani magani, sai ya farka ya bi jijiya guda ɗaya har ya fito kan fata. Wannan fitowa ta biyu ita ce likitoci ke kira zosta, masu karanta Turanci kuma suka fi saninta da shingils. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin uku a ƙasar zai yi ta a rayuwarsa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne zafi yakan riga ƙuraje zuwa. Mutum zai kwana biyu ko uku yana jin ƙuna ko suka ko ƙaiƙayi a wuri guda, galibi a haƙarƙari ko kwiɓi ko goshi, ya duba bai ga komai ba. Daga nan sai wurin ya yi ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso a jere, su biyo daga baya su nufo ƙirji ko ciki, amma a ɓangare ɗaya kawai, ba sa tsallaka tsakiyar jiki. Wannan tsayawa a gefe guda ita ce babbar alama. Ƙurajen kan bushe su yi ɓawo cikin kwana 7 zuwa 10, fata kuma ta washe cikin mako biyu zuwa huɗu.

Gwaggona ta yi ta a shekarun baya, tana da kusan shekara saba'in. Da zafin ya fara a ƙasan haƙarƙarinta na hagu an ɗauka olsa ce ta motsa. Da ƙuraje suka fito sai makwabta suka ce gizo-gizo ne ya yi mata fitsari cikin dare, aka shafa mata toka da man shanu, aka kuma karɓo mata kafson antibayotik da kwalbar bitamin a wani kemis. Sai da aka shafe fiye da mako guda aka kai ta asibiti, likita ya ɗaga gefen mayafinta ya duba, ya ce, "Hajiya, ai da tun farko kuka zo." Ƙurajen sun warke daga baya, amma raɗaɗin ya zauna watanni. Na iske ta wata rana zaune a tsakar gida ta riƙe gefen rigarta da yatsu biyu don kada ƙyallen ya taɓa wurin. Na ce, "Gwaggo, ba na ga ya warke ba?" Ta ce, "Ɗan nan, fatar ce ta warke. Ko iskar fanka ta ratsa sai in ji kamar an zuba mini barkono." Wannan raɗaɗi na bayan warkewa yana samun kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari na masu cutar, kuma yawan shekaru yana ƙara yiwuwarsa da tsananinsa.

A ganina, abin da ya fi shafarmu a wannan magana shi ne awa 72 na farko bayan fitowar ƙuraje, domin a nan ne maganin bairos ya fi yin aiki, kuma shi ne abin da talaka zai iya samu. Magungunan uku ne. Akwai acyclovir, wanda ya fi araha kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Babban mutum yakan sha miligiram 800 sau biyar a rana har kwana 7. Akwai valacyclovir, miligiram 1000 sau uku a rana, da famciclovir, miligiram 500 sau uku a rana, su ma kwana 7. Na kawo adadin ne don mai karatu ya gane girman abin, ba don ya rubuta wa kansa ba, domin mai ciwon ƙoda da tsoho sai an rage musu, mai juna biyu kuma sai likita ya auna. Dole ne a yawaita shan ruwa tare da su. Idan an wuce kwana ukun ma ba a haƙura, musamman idan sababbin ƙuraje suna ci gaba da fitowa, ko suna fuska, ko garkuwar mai ciwon ta yi rauni.

Da yawa idan suka ji "sau biyar" sai su ɗaure shan maganin da lokutan salla, wanda dabara ce mai kyau don tunawa amma ba ta dace da wannan ba, saboda tsakanin Asuba da Azahar akwai nisa sosai, tsakanin Magariba da Isha'i kuwa ba ya kai awa biyu. Abin da ake so shi ne tazarar awa huɗu huɗu muddin mutum yana farke, misali ƙarfe shida na safe, da goma, da biyu na rana, da shida na yamma, da goma na dare. Acyclovir na shafawa da ake sayarwa a ɗan bututu ba ya maye gurbin na sha. Antibayotik kuwa ba ya taɓa bairos ko kaɗan; amfaninsa sai idan ƙurajen sun ruɓe sun yi mugunya, abin da toka da sauran shafe-shafe ke jawowa. Ruwa mai tsabta da sabulu, da tsumma mai sanyi, da ruwan shafawa na kalamin, sun wadatar.

Wuri biyu ne ba a kwana da su. Idan ƙurajen suna goshi ko fatar ido ko kan hanci, a nemi likitan ido a ranar, domin cutar tana iya cin ido ta bar mutum da makanta. Idan suna cikin kunne kuma, suna iya shanye gefen fuska su taɓa ji.

Zafin kansa yana da nasa magani. Farasitamol da ibuprofen kan isa mai sauƙi, amma zafin jijiya sau da yawa ba ya jin su, sai likita ya koma ga amitriptyline ko gabapentin ko pregabalin, waɗanda ake farawa da kaɗan ana ƙarawa a hankali saboda suna sa jiri da barci, kuma tsoho yana iya faɗuwa. Akwai kuma filastar lidocaine da ake mannawa bayan fata ta warke. Tramadol ba abin saya a gefen titi ba ne, mun dai ga abin da ya yi wa matasanmu.

Likita mai lura ba zai tsaya ga ƙuraje ba, zai tambayi abin da ya raunana garkuwar. Ga ɗan shekara talatin, zosta tana iya zama alamar farko ta cutar ƙanjamau, kuma a ƙasashen Afirka an daɗe da sanin wannan alaƙa, don haka wanda aka ce ya yi gwaji kada ya ɗauke shi cin fuska. Ciwon suga da ciwon daji da magungunansa su ma suna buɗe ƙofa. Haka nan dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu mata ke sha ba bisa ƙa'ida ba don su yi ƙiba, irin haɗin da ake kira sha ka fashe. Game da yaɗuwa kuwa, ba a ɗaukar zosta daga wani, amma ruwan ƙurajen yana iya sa ƙarambau ga wanda bai taɓa yin ƙarambau ba, saboda haka a rufe wurin, a nisanci mai ciki da jariri har ƙurajen su bushe.

Sai maganar bitamin da sauran abubuwan ƙarin lafiya, inda kuɗin mutane ya fi tafiya. Ana tallar lysine, wani sinadarin gina jiki, da bitamin C da bitamin B12 da zinc a intanet a matsayin maganin zosta. Yawancin binciken lysine an yi shi ne a kan wani bairos daban, mai kawo ƙurajen leɓe, sauran kuma ƙananan gwaje-gwaje ne da ba su kai a gina hukunci a kansu ba. Wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin wani bitamin, ya sha, zai amfane shi. Amma yawan bitamin B6 na dogon lokaci shi kansa yana lalata jijiya, yawan bitamin C kuma yana iya jawo tsakuwar ƙoda. Ba ni da faɗa da zuma ko zogale ko habbatussauda a matsayin abinci. Faɗana da mai cewa a gwada su tukuna kafin a je asibiti, domin kwana ukun nan ne yake cinyewa.

Gaskiya guda da ba a cika faɗa ba ita ce, maganin bairos yana gajarta kwanakin ƙuraje, yana rage zafin farko, yana kare ido, amma bincike bai tabbatar yana hana raɗaɗin bayan warkewa ba. Abin da aka tabbatar yana hana shi riga-kafi ne. Allurar farko, Zostavax ta kamfanin Merck, ta samu izini a Amurka a 2006, tana rage kamuwa da kusan rabi, kuma da yake bairos mai rai ne a cikinta ba a yi wa mai raunin garkuwa. An daina amfani da ita a can a 2020. Wadda ta gaje ta, Shingrix ta kamfanin GSK, ta fito a 2017, babu bairos mai rai a cikinta, kuma kariyarta ta kai kashi 97 cikin ɗari ga 'yan shekara 50 zuwa 69, da kashi 91 ga waɗanda suka kai 70. Allura biyu ce, tsakaninsu wata biyu zuwa shida. A Amurka ana ba da shawarar ta ga duk wanda ya kai 50, da kuma mai raunin garkuwa daga shekara 19. A Ingila hukumar lafiya tana yi wa wasu rukunan tsofaffi kyauta. Allurar takan sa ciwon dantse da kasala da ɗan zazzaɓi na kwana biyu ko uku.

A Najeriya, Shingrix da allurar ƙarambau ta yara duk ba sa cikin jerin riga-kafin da gwamnati ke yi kyauta, kuma tsadarta ba kaɗan ba ce, tunda a Amurka ma a 2024 allura ɗaya ta kai kusan dala 200. Duk da haka, ɗan da ke iya biya wa iyayensa kuɗin Umara ko duba lafiya a waje ya kamata ya saka wannan cikin lissafi, ko da sun taɓa yin zosta, domin tana iya dawowa. Jira kawai ake yi ƙurajen su warke sarai. Wanda ya samu allurar a asibiti mai zaman kansa ya nemi a nuna masa kwalin da ranar ƙarewar aikinta, ya tambayi yadda aka ajiye ta, domin tana buƙatar sanyin firji na digiri 2 zuwa 8 ba tare da ta daskare ba, ya kuma tabbatar za a samu ta biyu kafin a yi masa ta farko.