Daga Jigo Zuwa Madatsar Tiga

Kafin shigowar injin ban ruwa, da jigo masu lambu a gefen rafin Jakara da ke Kano suke shayar da albasa da alayyafo. Doguwar sanda ce bisa gwafa, guga a gaba, dunƙulen laka a baya. Manomi ya ɗebo ya juye, ruwa ya bi ƙaramar hanya yana cika fangali ɗaya bayan ɗaya. Aikin akwai wahala, amma abin da ake ɗiba kaɗan ne, damina kuma tana mayarwa.

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai shekarun babban fari, ita ta mayar da Kura da Kadawa gidan shinkafa da alkama da tumatir, kuma mu mazauna birni muna cin moriyarta kullum. A 1992 ta Challawa ta biyo baya.

Sai dai a ganina ba mu cika tunawa da mutanen ƙasan kogi ba. Ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu saboda madatsun sun tare ruwan, ciyawar kacala kuwa ta toshe hanyoyin ruwa, har ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi da mashayar dabbobi.