Shafi 16 a kan finafinan almarar kimiyya

Da damina ta bara na ninke takardun A4 guda huɗu gida biyu, suka ba ni shafi 16, na ce wannan ita ce mujallata. Ba kamfani, ba edita, ba talla. Ni na rubuta, ƙanwata ta yi zanen bango da biro, muka kai wani shagon fotokwafi kusa da tsohuwar jami'ar Bayero aka buga mana kwafi 40.

Abin da ya tunzura ni shi ne musun da muke yi a majalisarmu ta Fagge bayan sallar isha'i. Duk lokacin da aka ɗauko zancen finafinan almarar kimiyya, sai a ce ai shirme ne, wasan yara, mutum-mutumi da bindigar haske. Ni kuwa na daɗe da ganin cewa ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai fim ɗin da duka ne kawai da rushe gine-gine, an yafa masa rigar kimiyya. Wannan ni ma ba ya riƙe ni. Akwai kuma wanda yake ɗaukar ƙa'ida guda ta ilimi ya tambaya: in haka ta faru, ya ɗan Adam zai yi? Shi nake karewa.

Maƙalar farko a kan Interstellar na 2014 na yi ta, kuma ita ta fi ba ni wuya. A fim ɗin, awa ɗaya a wata duniya mai ruwa daidai take da shekara bakwai a tamu, saboda kusancinta da wani rami mai tsananin jan nauyi. Na sha faɗin haka da baki a majalisa, amma da na zo rubuta shi da Hausa sai alƙalami ya tsaya. Babu kalmar aro da zan laɓe a bayanta. Kwana uku ina karatu kafin na iya cewa, a sauƙaƙe, lokaci yana tafiyar hawainiya a inda jan nauyi ya yi ƙarfi. A nan na gane cewa abin da ban iya faɗa da harshen gida ba, ban riga na fahimce shi ba. Kuma ba lissafin ne ya taɓa masu karatu ba. Uban da ya dawo daga tafiyar sararin samaniya ya tarar 'yarsa ta tsufa ta fi shi, shi ne ya tsaya musu a rai. Mutum uku daban-daban suka ce min ya tuna musu da ƙissar As'habul Kahfi.

Ta biyu a kan District 9 ce, na 2009, wanda aka shirya a Johannesburg. Fim ne mai kaifi a kan wariya, amma ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman halittun da suka zo daga wata duniya, har ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina haska shi. Na rubuta cewa ina yaba fim ɗin kuma yana min ciwo, duka biyun gaskiya ne.

Wajen bugu na yi kurakurai biyu. Na jera shafukan bi da bi, alhali in za a ninke takarda, shafi na 16 da na 1 ne ke zama a fuska ɗaya, na 2 da na 15 a bayansu. Sannan kwamfutar shagon ta mayar da duk ƙ da ɗ da ɓ ƙananan akwatuna. Mai shagon ya ce, "Malam, gobe ka zo da shi a PDF, ba abin da zai motsa." Haka na yi, aka zauna lafiya.

Daga baya na karanta cewa irin waɗannan 'yan mujallu masu zaman kansu daga masoya almarar kimiyya suka faro, a Amurka, wajen 1930. Ban ji baƙunta ba. Kano ce garin da marubuta suka buga littattafansu da kuɗin aljihunsu tun shekarun 1980, suka kai kasuwa da hannunsu. Hanya a share na tarar da ita.

Takarda kuma ta yi abin da rubutuna na Facebook bai taɓa yi ba: ta zaga. Kwafi ɗaya ya dawo min bayan mako biyu da tabon shayi, wani ya ja layi ƙarƙashin jimla ya rubuta "ban yarda ba" da dalilinsa a gefe. Wani kwafin ya faɗa hannun kawuna, tsohon malamin firamare. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma ina Tauraruwa Mai Wutsiya?" Littafin Umaru Dembo yake nufi, na 1969, inda yaro Bahaushe ya yi tafiya sararin samaniya. Ban taɓa karanta shi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da nasa, bangon ya yage, ya ce in dawo masa da shi kafin azumi. Da shi zan buɗe fitowa ta biyu.