Gajeren Ingarman da Aka Raina a Kasuwa

Ranar Asabar da ta wuce, ina tsaye a gefen filin folo na Dandalin Murtala a nan Kaduna, na ji wani dattijo yana kushe wani doki saboda gajartarsa, har yana auna kafaɗarsa da tafin hannu. Nan take Northern Dancer, wani shahararren dokin sukuwa, ya faɗo mini a rai.

An haifi wannan ingarma a Kanada a 1961, a gonar attajiri E. P. Taylor. Da aka kai shi kasuwa yana ɗan shekara ɗaya, aka sa masa dala 25,000, babu wanda ya taya, domin kowa na ganin ya cika ƙanƙanta. Sai ga shi a 1964 ya lashe gasar Kentucky Derby ta Amurka cikin minti biyu cif, saurin da ba a taɓa gani ba a gasar kafin nan. Cikin sukuwa 18 da ya shiga, ya ci 14.

A ganina, babban aikinsa ya zo ne bayan ciwon ƙafa ya raba shi da fili, aka ware shi don barbarar goɗiyoyi. Ɗansa Nijinsky ya lashe manyan gasannin sukuwa uku na Ingila a 1970, wani ɗan nasa kuma, Sadler's Wells, ya haifi Galileo, wanda shi ma ya haifi Frankel, dokin da ya yi sukuwa 14 ba tare da an taɓa shan gabansa ba. Northern Dancer ya mutu a 1990, yana da shekara 29.