Asabar, ni da wasan Ishikawa

Yau ban fita ko'ina ba, na gama wanki da wuri na shanya, sai ƙanina ya turo min wani bidiyo a WhatsApp wai Yaya kalli wannan ki ga ƙwallon tebur na gaske, ba irin wanda muke bugawa a bakin layi ba. Ashe fainal ne na gasar ƙasar Japan ta Janairun 2021, Kasumi Ishikawa da Mima Ito. Na ce bari in ɗan leƙa, wallahi ban ajiye wayar ba sai da aka kira la'asar.

Ito a lokacin shekarunta 20, tana kan ganiyarta, ita kuma Ishikawa 27, kuma rabonta da wannan kofin tun 2016. Aka fara, Ito ta ci zagaye uku, Ishikawa ɗaya, saura ɗaya kawai Ito ta ci a tashi. Ina kallon fuskar Ishikawa idan ta je goge gumi da tawul, ba ta kallon kowa, ta dawo ta shafa tafin hannunta a kan teburin kusa da raga, ta ɗan sunkuya, ta riƙe bat ɗinta da hagu don bahaguwa ce. Haka ta dinga bin wasan a hankali har ta rama, ta ci uku a jere aka tashi 4-3. Da aka zo hira da ita hawaye ya hana ta magana, ni ma dai idona ya cika gaskiya. Kofinta na biyar kenan.

Daga nan fa na shiga neman tarihinta, data na ta tafiya ban damu ba. An haife ta a Yamaguchi a 1993. Olamfik uku ta je, kuma duk ukun ta dawo da lamba a wasan ƙungiya, azurfa a Landan 2012 tare da Ai Fukuhara da Sayaka Hirano, wadda ita ce lambar farko da Japan ta taɓa samu a ƙwallon tebur a Olamfik, sai tagulla a Rio 2016, sai azurfa kuma a Tokyo. A 2017 a Jamus ita da Maharu Yoshimura suka ci zinare na duniya a wasan mace da namiji.

Da daddare muna cin tuwo ƙanina ya ce ai shi bai ga abin zuzutawa ba tunda ba ta taɓa cin lambar Olamfik ita kaɗai ba, ta huɗu ta zo a Landan, kuma 'yan Chana sun sha doke ta. Na ce masa duk gaskiya ne, amma waye 'yan Chana ba su doke ba a wannan wasan? Ni abin da ya kama zuciyata shi ne yadda ta fara a matsayin ƙaramar cikin 'yan ƙungiyar Japan, ta wayi gari ita ce babba, yara irin su Ito da Miu Hirano da aka haifa a 2000 sun taso da sauri kamar wutar daji suna cin ta a gida, amma ba ta yi zuciya ta ajiye ba, ta tsaya ta yi ta fafatawa da su har ta samu gurbin Tokyo, sannan ta jagorance su a can. Wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne, mutum ya sha kaye a hannun na bayansa ya kuma koma atisaye washegari.

A watan Mayun 2023 ta sanar da yin ritaya tana da shekara 30, ta kuma yi ta zagaya jihohin Japan tana koya wa yara wasan. Mama ta ce mu rage surutu mu ci abinci, ƙanina kuma ya ce gobe zai nemo min wasan Fukuhara mu ci gaba da musun.