Godiya ga waɗanda suka tayar min da mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, motar nan da kuka yi ta kira kuna tambayar lafiyarta ta tashi. Jiya ma ta kai taki gona ta dawo lafiya ƙalau, don haka na ga ya wajaba in fito bainar jama'a in gode.

Ga wanda bai san ta ba, Land Cruiser ce ƙirar 1996, mai injin fetur 1FZ-FE, silinda shida, lita 4.5, irin waɗanda aka ƙera wa kasuwar Amurka suka shigo mana ta Kwatano. Ita ce ƙafarmu zuwa gonar shinkafa a fadamar Haɗeja, ita kuma ke ɗauko mara lafiya daga ƙauye in damina ta yanke hanya. Kwanciyarta ta taɓa gidaje da yawa.

Abin ya faro da fitilar inji da ta kama ta ƙi mutuwa. Sai ƙarar ƙwal-ƙwal in ta hau tudu da kaya, sai jijjiga da warin ɗanyen fetur a salansa. Ran da ta mutu mana a hanyar dawowa daga gona, magariba ta kawo kai. Mutanen ƙauyen da suka turo ta bakin masallaci, da mai tarakta da ya ja mu zuwa titi ya ƙi karɓar ko kuɗin gas, da gidan da suka aiko mana da fura, Allah ya saka muku da alheri.

A Kano shawara ta yi yawa. Wani ya ce a cire ƙwan fitilar a huta, wani ya ce a yanke indomin salansa, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi, har ya kawo mai saye, tunda akwai ƙarafa masu tsada a cikinta. Ƙanina ne ya hana, ya kai ni wurin wani dattijon makanike. Ga wannan Baban babbar godiyata take.

Bai kwance ko noti ɗaya ba sai da ya jona na'urar gano matsalar inji. Motocin Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona ta, kuma ta nuna lamba P0401, wato hayaƙin da ake maido wa inji ba ya wucewa yadda ya kamata. Ya zaunar da ni a benci ya ce, "Alhaji, bawul ɗin EGR hayaƙi kaɗan yake ɗiba daga salansa ya mayar cikin inji don ya rage zafin ƙonewa. In bai mayar ba, zafi ya hau, shi ne ƙwal-ƙwal ɗin da kake ji, kuma gubar da ke fita a salansa ta ƙaru."

Sai ya yi wani gwaji da har yanzu yake burge ni. Inji na sulo, ya zare siririn tiyon da ke kan bawul ɗin, ya sa wani tiyon ya zuƙa da baki. Ya ce in hanya a buɗe take, inji zai shaƙe ya nemi mutuwa. Ko gezau bai yi ba. Da aka kwance, kunkunniya ce ta daskare ta toshe ramin gaba ɗaya, sai da waya da ruwan wanke kabureta aka fasa ta. Akwai kuma ɗan makunnin da ke sakar wa bawul ɗin iska, ɓoye a ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke shigar da iska cikin inji, inda hannu ba ya kaiwa da daɗi. Ya jona shi da batir, ya kamata a ji ƙas, amma shiru. Ya mutu tuni.

Na ɗauka an gama, sai ya ce, "Wannan ba ya kashe mota a hanya, akwai saura." Ya bi bututun EGR ta bayan inji da tocila, ya gano damin wayoyin da ke wucewa kusa da shi. Zafin shekaru ya ƙona robarsu, wayoyin nozul masu fesa fetur cikin inji sun fito tsirara suna taɓa juna. Ashe nan ne asalin jijjigar da mutuwar. Indomin kuwa ya kwance ya haska, ramukanta reras kamar saƙar zuma, ya ce a mayar. Akwai na'urar auna iskar hayaƙi a gabanta da bayanta, in an cire ta fitila za ta dawo da wata lambar, yara kuma su shaƙi abin da ya fita. Ya ƙara da cewa da na ci gaba da tuƙi ɗanyen fetur na kwarara cikinta, da ta narke da kanta. A ganina makaniken da zai ga kuɗi a salansa ya ce a mayar ya cancanci a yaba masa a gaban jama'a.

Ina gode wa yaron shagonsa da ya kwanta a ƙarƙashin mota cikin rana, hannunsa duk ƙuje, da mai waya da ya ɗaure kowace waya ɗaya bayan ɗaya ya naɗe su da abin tare zafi, da ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa da ya nemo mana makunnin na asali ya ce in bai yi ba a dawo masa da shi. Uwargida ma ina godiya, ta yi haƙuri da kuɗin cefane da ya ragu.

Baba, na san ba ka duba waya, amma yaranka za su karanta maka. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa zuri'a albarka. Masu irin wannan mota da suka ce in haɗa su da shi, ku same ni a gida bayan la'asar mu je tare.