Kyamarar Dawa a Gona da Daji: Yadda Ake Kafa Ta Ta Yi Aiki a Zafin Ƙasarmu

Manomi zai je gona da sassafe ya tarar an kwantar masa da masara, ko an tone masa rogo da gyaɗa, nan take zuciyarsa ta tafi kan makiyayin da ya gani jiya da yamma. Wani lokaci shi ɗin ne. Wani lokaci kuma gadu ne, ko beguwa, ko garken birai da suka shigo da hudowar rana. Haka mai kaji yake rasa wanda ke kwashe masa ƙwai, haka mai lambu yake wayar gari babu injin ban ruwa. Kyamarar dawa, wadda wasu ke kira kyamarar tarko, don irin wannan aka yi ta. Ɗan akwati ne mai batir da ake ɗaurewa a jikin bishiya, ya yi makonni yana dako, duk abin da ya gitta ya ɗauke shi tare da kwanan wata da lokaci. Mafarauta a Amurka ne suka fi sayenta har ta yi arha, masu binciken namun daji kuma suka rungume ta. Da irinta aka sami hoton rabbin Sahara, dabbar nan mai tsananin gudu mai kama da damisa, a duwatsun Termit na Nijar a 2010, ana kuma aiki da ita a Yankari da Gashaka Gumti don sanin dabbobin da suka rage.

Sai dai yawancinsu don dazukan ƙasashe masu sanyi aka ƙera su. Wanda ya ɗaure ta a nan yadda takardar cikin kwali ta ce, sau da yawa hotunan ciyawa zai tarar jingim, abin da ya sa ya saye ta kuwa babu shi.

Zafi take ji, ba motsi take gani ba

A ƙarƙashin idon kyamarar akwai wata 'yar taga ta roba mai duhu mai zane-zane. Bayanta akwai na'urar da ake kira PIR. Ita ba hoto take kallo ba, bambancin zafi take ji tsakanin abin da ke wucewa da abin da ke bayansa. Robar nan ta karkasa filin da ke gabanta gida-gida. Idan jiki mai ɗumi ya tsallaka daga wannan gida zuwa wancan, sai ta tayar da kyamarar. Wanda ya gane wannan ya gane kusan duk matsalolin da zai haɗu da su.

Ɗauki bazara. Zafin fatar mutum bai wuce digiri 33 zuwa 35 ba, na dabbobi masu gashi ma a nan kusa yake. A watan Afrilu a Sakkwato ko Nguru ko Maiduguri iska na haura 40, rairayi da duwatsu sun fi haka. Da tsakar rana dabbar da ƙasar da take takawa kusan zafinsu ɗaya, don haka nisan ji na mita 20 da aka rubuta a kwali na iya komawa ƙasa da rabi, wani lokaci ma akuya ta wuce ta gaban kyamarar ba ta farka ba. Ba lalacewa ta yi ba. Abin yi shi ne ka ɗaga ƙarfin jin ta zuwa na ƙarshe, ka matso da ita mita 3 zuwa 5 daga inda kake sa ran abin zai bi, ka kuma sa ta fuskanci wuri mai inuwa, domin jiki mai ɗumi ya fi fitowa a kan inuwa. Da dare da asuba ba a samun wannan damuwa sosai, a hunturu kuwa ita ce lokacin da ta fi jin nesa.

Ɗaya gefen kuma shi ne hoton banza. Ciyawar da rana ta gasa, iska na kaɗa ta a gaban inuwa, a wajen na'urar daidai take da dabba. Gamba guda ɗaya a gaban taga ta isa ta cika katin ajiyar hotuna ta shanye batir cikin kwana biyu. Sa lauje ka share duk abin da ke tsakanin kyamarar da mita 4 ko 5, ka datse rassan da ke lilo. A damina sai ka riƙa komawa, don abin da ka nome yau zai tofo cikin mako biyu. Kada kuma ka ɗaure ta a siririyar bishiyar da iska ke girgizawa. Idan kyamarar ce ke motsi, duk filin ne ya motsa.

Maciji da guza da damo jikinsu na bin zafin wurin da suke, saboda haka yawanci ba sa tayar da ita. Mai kajin da ke zargin ɗayansu, ya nemi saitin da ke ɗaukar hoto da kansa a kan lokaci, ya sa ta ɗauka kowane minti ɗaya, ya fuskantar da ita ga akurki. Batir zai ci, amma dare biyu ko uku sun isa.

Sannan na'urar ta fi jin abin da ya gitta ta gefe a kan wanda ya tunkaro ta kai tsaye, tunda mai gittawa ne ke tsallaka gidajen nan. Idan ka sa ta a gicciye sosai kuma, dabba mai sauri za ta fice ka sami wutsiya kawai. Mafi dacewa ka karkata ta ga turbar da kusurwa ta kusan digiri 45.

Wuri da tsayi

Kafin ɗauri sai an yi zagaye. Nemi sawu, kashi, ramin shiga a shinge, wurin da aka goga jiki a bishiya, gashin beguwa da ya zube. A rani aikin ya fi sauƙi, domin kowace dabba sai ta zo ruwa. Bakin tafkin da bai ƙafe ba ko wurin lasar kanwa ya fi kowace turba. Ban ga amfanin zuba abinci don jawo dabba kusa da gona ba, domin kana koya mata hanya ne.

Gafiya da zomo da beguwa suna son kyamara a ƙasa, santimita 20 zuwa 30. Gadu da dila da gada, tsayin gwiwa zuwa cinya, wato 40 zuwa 60. Idon ya tsaya daidai da shimfiɗar ƙasa, kada ya kalli sama; idan jikin bishiyar ya karkace, cusa ɗan kara a bayan akwatin. Kusan kowace kyamara tana da saitin gwaji: ka kunna, ka yi tafiya a gabanta, wata 'yar fitila ta ƙifta duk inda ta ji ka. Idan ƙaramar dabba kake nema, durƙusa ka yi gwajin.

Kada ta kalli gabas ko yamma, rana za ta wanke hoton ta kuma tayar da na'urar a banza. A daidai Kano, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Afrilu rana ta kudu take ratsawa, don haka arewa ce alƙiblar da ta fi. Tsakanin ƙarshen Afrilu da Agusta kuwa takan ɗan koma arewa, a lokacin kudu ta fi dacewa.

Batir da kati

A nan mutane suka fi asara. Yawancin kyamarorin batir ƙanana takwas suke ci, masu lamba AA. Batura masu arha na tocila da rediyo ba su da ƙarfin kunna fitilun jikin kyamarar da ke haska hoton dare. Da rana za ta yi aiki, da dare hoto ya fito baƙi ƙirin. Na alkalin sun fi, amma zafi na sa su yoyo, ruwan kuma yana cin ƙarafan ciki. Na litiyam, irin Energizer Ultimate Lithium, su ne suka fi jure zafi da daɗewa, in ka sami na gaske. Masu caji na NiMH bolt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, saboda haka sai kyamarar da ta yarda da su, kuma a faɗa mata a cikin saiti. Kada a haɗa sabo da tsoho. In za a daɗe a wuri ɗaya, ƙaramin faifan sola mai batir a ciki ya fi, amma duba ko ƙofar wutar ta bolt 6 ce ko ta 12, don kuskure a nan ƙona ta yake yi.

Bidiyon dare shi ne babban mai shan batir, tunda fitilu na kunne har ya ƙare. Don sanin wace dabba ce, hoto uku a jere da hutun daƙiƙa 30 sun wadatar.

Kati kuwa, da yawa daga cikin kyamarorin ba sa karɓar wanda ya wuce 32GB. Sayi na aji 10, wato mai saurin ajiye hoto, daga wurin da ka amince, domin jabun kati ya yi yawa a kasuwa: zai nuna 32 alhali cikinsa bai kai ba, idan ya cika sai ya lalata abin da ke ciki. A cikin kyamarar za ka yi masa fomatin, ba a waya ba. Ka riƙe kati biyu ga kowace kyamara, ka kashe ta tukuna kafin ka zare.

Kada manyan lambobin megafiksel su ruɗe ka. Yawanci hoton ƙarami ne aka kumbura. Abin dubawa shi ne saurin tashi, wanda bai kamata ya wuce rabin daƙiƙa ba, da kuma irin fitilar. Mai lamba 850 tana haska nesa amma takan yi ɗan ja-ja da ido ke gani. Mai 940 ba a ganinta sam, sai dai haskenta bai kai nisan waccan ba. Ta farko don dabba, ta biyu don mutum.

Idan ɓarawo ake dako

Tsarin ya sauya, domin yanzu abin da kake nema yana da wayo, kuma kyamarar kanta abin sata ce. Kai ta sama, mita 2.5 zuwa 3, ka sunkuyar da ita. Mutane ba su cika ɗaga kai da dare ba. Kada ka ɗaure ta a jikin abin da kake tsaro. Hanyar da dole sai an bi ita ce wurinta: ƙofar lambu, gurbin da ke cikin shinge, turbar da babur zai iya shiga, hanyar zuwa rumbu ko turken shanu. Fuska ba ta ganuwa da dare idan ta wuce mita 6 zuwa 8, idan kuma ta matso ƙasa da mita 2 fitila za ta mayar da ita fari fat. Lambar mota da ta babur ma haka take yi, saboda fentinta mai mayar da haske ne. Da rana ko da asuba aka fi samunta.

Bel ɗin da ke zuwa cikin kwali shi ke tona asiri, don ana hango shi zagaye da bishiya. Waya siririya ta fi, ko maƙalin da ake murɗawa cikin itace. Mai hali ya sa biyu, ɗaya na kallon ɗaya. Rage hutun tsakanin hotuna zuwa daƙiƙa 5, ka kuma daidaita agogonta duk lokacin da ka sauya batir, domin wasu na komawa tsohuwar shekara, hoton da kwanan watansa ya saɓa kuwa ƙarfinsa ya ragu a gaban hukuma.

Akwai masu layin waya da ke turo hoto nan take, su ne suka fi dacewa da tsaro, don ko an sace ta hoton ya riga ya iso. A kula: da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a Amurka an ɗaure su da kamfanonin waya na can, a nan ba za su yi komai ba. Nemi mai buɗaɗɗen gurbin sim, mai 4G da ke ɗaukar zangon 1800 da layukanmu suka fi amfani da shi. Sai an shigar mata da saitin APN, wato saitin da ke haɗa layi da intanet, na MTN ko Airtel ko Glo, layin kuma ya kasance an haɗa shi da NIN, da data a ciki. Tsaya a gindin bishiyar ka gwada sabis da wayarka kafin ka hau. Inda sabis ke rawa, neman sa kaɗai zai cinye batir.

Idan hoto ya nuna mutum, gani ya kori ji, amma ba a hannunka hukunci yake ba. Kwafe hoton, ka ajiye ainihin katin ba tare da ka taɓa komai a ciki ba, ka kai wa mai unguwa ko dagaci ko 'yan sanda. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da shaidar da na'ura ta samar, bisa sharaɗin a nuna na'urar na aiki daidai. Watsa fuskar mutum a WhatsApp kafin a tabbatar na iya jawo a far wa wanda bai ji ba bai gani ba, hoton dare kuma yana kamanta mutane ƙwarai. Haka nan kada idonta ya leƙa gidan maƙwabci, ko bakin rafin da mata ke wanka da wanki. A gandun dajin gwamnati sai da izini. A yankin da 'yan bindiga ke yawo kuwa, ina ganin barin ta ya fi. Ganin mutum da irin wannan na'ura a daji kaɗai na iya jefa shi da ƙauyensa cikin hatsari.

Abubuwan da ke kashe ta a hankali

Ƙurar hunturu na rufe ido da tagar jin zafi. Goge su da tsumma mai laushi, kada ka kankare robar. Tururuwa na shiga ta ramin makirfo su yi gida, gara na bin bishiya ta lulluɓe akwatin da ƙasa, zanzaro na gini a kwarmin ido. Toshe ƙananan ramuka da ɗan salatif, ka guji bishiyar da gara ta riga ta hau. Saƙar gizo-gizo a gaban fitila kan sa hoton dare ya yi fari kamar hazo. A damina raɓa na taruwa a ciki. Sa ƙullin nan na tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi guda ɗaya ko biyu, ka duba robar bakin murfi ko yashi ya shiga, kada kuma ka buɗe ta cikin ruwan sama.

Shanu na soshe jiki da ita su karkatar da ita. Bika na ɓalle murfi, kura na tauna ta idan ta ji ƙanshin abinci daga hannun da ya ɗaure ta, saboda haka wanke hannu kafin aiki, inda suke da yawa kuma sa ta cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Daga Nuwamba, idan aka fara ƙona daji, share ciyawa mita 3 kewaye da bishiyar ko ka cire ta gaba ɗaya. Sabon wuri, koma ka duba bayan kwana biyu ko uku don ka gyara saiti. In ya zauna daidai, sau ɗaya a mako biyu ya isa, domin yawan zuwa na korar dabba, yana kuma nuna wa mutane inda ka ɓoye ta.