Yadda na koma duba marasa lafiya bayan na daɗe a gida

Tunda na koma aikin asibiti a Garwa ta arewacin Kamaru 'yan uwa mata da muka yi karatu tare a Yawunde suke ta tambayata wai ya na yi, ban ji tsoro ba? Toh bari in faɗi yadda abun yake, don na san irina suna da yawa da suka rataye farar riga saboda aure ko renon yara. Ni a 2009 na ajiye, mahaifiyata ta kwanta ciwo ga yara ƙanana ga maigida ana ta canza mai wurin aiki, kafin in ankara har shekara goma ta wuce da ɗoriya.

Maganar takardu ba ta da wani wuya, ka gyara rajistarka da Ordre, wato hukumar likitoci, ka biya abun da ake binka, shikenan. Inda aikin yake cikin ɗakin yara ne.

Lokacin da na bari, in aka kawo yaro da palu (zazzaɓin cizon sauro) mai tsanani kinin muke sakawa cikin ƙarin ruwa na gulukos, ya yi awa 4 yana ɗiga, a sake duk bayan awa 8, kana tsaye kana fargaban kar sugan yaro ya faɗi. Na dawo na tarar artesunate ne ya karɓi wurin. Na karanta shi tsaf a gida, 2.4 mg a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma 3 mg, allura ta farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku a awa 24, in ya iya haɗiya a juya shi kan ƙwayoyi na kwana 3. Amma karantawa daban, riƙe kwalbar daban. Majo ɗinmu, wato shugaban masu jinya na ɗakin, dattijo ne da ya kusa ritaya, shi ya zaunar da ni ya ce "Dokta, zo ki gani da hannunki." Garin 60 mg ne a kwalba, ka zuba bikarbonat 1 ml sai ya yi fari kaman ruwan koko, kar ka yi gaggawa, ka ta girgizawa har ya washe tas sannan ka ƙara ruwan gishiri 5 ml in ta jijiya za ka ba da, in bai washe ba a zubar. Na ce "Baba Majo, a sake min." Ya sake, ni ma na haɗa a gabansa, wallahi wannan zaman ya fi min duk abun da na karanta a waya.

Sannan da can duk zazzaɓin damina palu ne a wurinmu, yanzu sai an yi TDR, gwajin jini na nan take, tukuna. Tambayoyin da ake yi wa uwa ma sun ƙaru, tun 2016 ake bin gida gida a yankunan Nord da Extrême-Nord ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi duk wata in damina ta kama, ga allurar rigakafin palu da Kamaru ta fara a Janairun 2024, dole ka buɗe karne, littafin asibitin yaron, ka duba. Haka ɓangaren sida (ƙanjamau), mu mun saba jiran CD4, ma'aunin garkuwar jiki, ya sauka kafin a fara magani, yanzu da an gano ake farawa, ƙwaya ɗaya a rana mai dolutegravir. A matanite, ɗakin haihuwa, kuma ga tranexamic da ake ba mace mai zubar jini cikin awa 3 da haihuwa, ga chèque santé, takardar kula da mai ciki ta sefa jaka 6, da yake sa matan ƙauye zuwa awo ba tare da jiran maigida ya sayar da akuya ba.

Hannu yana mantuwa, wannan kar kowa ya ruɗe ku. Neman jijiya a jikin yaron da gudawa ta tsotse, ko ɗiban ruwan ƙashin baya in ana zargin sanƙarau, sai da na koma tsayawa bayan infirmiyoyi ina kallo sannan ina yi suna kallona. Ido ne bai tafi ba. Tun daga bakin ƙofa nake gane yaron da ba zai iya jiran layi ba, tafin hannu fari fat, numfashi na fita da ƙyar, ana taɓa shi ko kuka ba ya yi. Da kuma harshe, in uwa ta fara bayani da Fulatanci ko Hausa ba na neman tafinta, har abun da ta ba shi na gargajiya tana faɗa min ba ta ɓoyewa.

Akwai abu ɗaya da ya dame ni sosai. Mutane suna ganin shekaruna sai su tsallake ƙaramar likitar da muke tare su zo wurina, wai Hajiya ta fi sanin aiki, alhali a lokacin yarinyar nan ta fi ni sanin maganin yau nesa ba kusa ba. Wannan yarda da ake ba ka saboda furfura nauyi ce, kuma tana iya sa mutum ya ji kunyar tambaya, ran ɗan wani kuwa yana hannunka. Ni a gaban iyayen nake kiranta in ce "ƙanwata zo mu duba tare," ita kuma ta ce "to Yaya," mu tsaya kan yaron mu biyu.

Shi ya sa da aka so a saka ni gardi, wato kwanan aiki a asibiti, ni kaɗai tun farko, don likitoci sun yi kaɗan kuma na san gaskiya ne, na ce a'a a yi min haƙuri, sai na yi watanni ina kwana tare da wani tukuna. Ba su ji daɗi ba amma sun yarda. Duk wadda za ta koma dan Allah ta tsaya a kan wannan tun ranar da za ta sa hannu, kar ta bari sai an liƙa jadawali.

Yanzu ina gardi na ni kaɗai, lambar likitan yara tana cikin wayata kuma ina kira ko ƙarfe biyun dare ne. Tiyatar haihuwa ce har yau ban karɓa ba, ina shiga ne a matsayin mai taimako, mun yi da likitan mata cewa sai ranar da shi ya ce na isa.